Ruwan da Baba Hamani Ya Ɗebo

Ranar da na fara aiki a wani labo, wato ɗakin binciken kimiyya, na gefen Paris, cikin Oktoban 1994, mutum na farko da ya yi mini Hausa shi ne Baba Hamani. Ina tsaye bakin ƙofa ina rawar sanyi cikin wani kwat na gwanjo da na sayo a kasuwar Barbès, sai ga dattijo siriri ya shigo rungume da akwatin kwalabe. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ni 'yar ina ce. Da na ce Maraɗi, sai ya dire akwatin ya soma gaisuwa. Bai bar kowa ba, iyaye, mutanen gida, gajiya, sanyi, baƙunta, har daminar da aka gama. Turawan labon suna ratsa mu suna duban agogo, shi ko a jikinsa.

Sunana Sahadatou. Na yi karatun ilimin halittu a Yamai, na ƙara shekara biyu a Lyon, sannan labon nan ya ɗauke ni gwaji na shekara guda. Babban ofishinsu yana Lyon, mu na reshen Paris mu shida ne kacal. In na ci gwajin a sabunta mini kwantiragi, kuma da kwantiragin ne ake ba ni takardar zama. In na faɗi, sai jirgin Yamai, hannu rabbana. Da wannan tunani nake kwana, da shi nake tashi.

Aikin labon shi ne lura da lafiyar ruwan kogin Seine, tun daga Paris har inda ya haɗu da teku, domin duk abin da birni ya zubar can yake gangarawa. Nawa kason ƙirga ne. Cikin ruwan kogi akwai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani. In zafi ya yi, dattin gari kuma ya ciyar da su, sai su hayayyafa su taso sama su zama gansakuka, irin koren nan da ke rufe tafki. Wasunsu suna da dafi, kuma in sun mutu suka ruɓe sukan shanye iskar ruwa har kifi ya kasa numfashi. Ni nake zuba ɗigon ruwa ƙarƙashin mikroskop, madubin da ke ƙara girman abu, in ƙirga su, in rubuta. In sun wuce iyaka a sanar da hukuma ta hana mutane kusantar wurin. Ƙirgan nan sabon aiki ne a reshenmu, saboda shi aka ɗauke ni. Kafin zuwana gishirin ruwa da sinadarai kawai suke aunawa.

Ruwan kuwa Baba Hamani ke ɗebo shi. An haife shi a bakin tafkin Madarunfa, ɗan masunta ne, uwarsa Bazabarma ce ta sa masa sunan. Farin da aka yi a shekarun 1970 ya kore shi zuwa Yamai, ya koyi tuƙi, wani ma'aikacin ƙungiyar duniya ya ɗauke shi direba ya taho da shi Paris. Da maigidan ya gama aiki ya koma gida, shi ya tsaya. Ya yi shara, ya yi dako, ya wanke kwanuka a gidajen abinci, har Allah ya haɗa shi da labon nan a 1986. Ɗaki guda yake haya a unguwar Belleville, saman wani shagon nama. Matarsa Fatsima da 'ya'yansu biyar suna Maraɗi, shekara biyu-biyu yake ganinsu. Faransancinsa na baki ne. Lamba kam yana rubutawa tsaf a jikin kwalba, amma in aka miƙa masa takarda sai ya riƙe ta ya gyaɗa kai, ya ninke ya sa aljihu.

Sau uku a mako yana ɗaukar ƙaramar motar labon ya bi kogi yana ɗiban ruwa tasha bayan tasha, ya dawo kafin azahar. Tuƙinsa kuwa sai ka ce yana ɗauke da amarya. Nakan ce masa, Baba, kafin ka iso ai tsirran nan sun yi jikoki. Shi kuma ya sa mini suna Malama mai ƙirga abin da babu. Ni ba ni da haƙuri, kowa ya shaida, kuma bakina ba ya riƙe magana, amma shi duk abin da na faɗa dariya yake ba shi. Shi ya nuna mini inda ake sayar da gero da kuɓewa busasshiya. Da mura ta kwantar da ni cikin Janairu, ya hau metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi biyu da kwanon kunu nannaɗe cikin tawul, ya ajiye a ƙofata ya ƙwanƙwasa ya juya, don a ganinsa bai kamata dattijo ya shiga ɗakin budurwa ba.

Kwalabensa abin yabo ne a labon. Tas suke zuwa, a jere, babu ganye, babu laka. Madam Françoise, shugabarmu da ke zuwa daga Lyon sau ɗaya a wata, takan ce ba ta taɓa ganin mai ɗiban ruwa mai tsafta irinsa ba. Duk lokacin sanyi da farkon bazara ƙirgana ya tafi daidai, babu wanda ya ce uffan.

Sai Yulin 1995 ya zo da zafi. Daga cikin tashoshinmu akwai wani ƙaramin lungun kogi a ƙasan Paris inda ake ɗaure jiragen ruwa, ruwan wurin ba ya gudu sosai. Mako uku a jere ina rubuta cewa tsirran wurin ba su kai iyaka ba. A mako na huɗu aka wayi gari kifaye sun taso ciki sama, agwagi sun mutu, karen wani tsoho da ya sha ruwan ya kwana biyu a wurin likitan dabbobi. Hukumar garin da ta ba mu aikin ta tayar da jijiyar wuya. Aka turo Christophe daga Lyon, wani ƙwararre mai gajeren gemu, ya ɗebi ruwa da kansa ya koma ya ƙirga. Abin da ya samu ya ninka nawa fiye da goma.

To, wa za a duba? Dattijon da ya shekara tara ba a taɓa kama shi da kuskure ba, ko baƙuwar da ta zo jiya? Ba wanda ya faɗa mini a fuska, amma na gani a yadda ake gaishe ni. Takarda ta zo cewa in je Lyon ranar Alhamis ta mako mai zuwa, ƙarfe biyu, a tattauna batun kwantiragina. Na sake ƙirga tsofaffin kwalaben har idona ya yi ja, lamba ɗaya nake samu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na soma zargin kaina, na soma tunanin ko karatun nawa duk na banza ne.

Ranar Litinin na ce wa Baba Hamani zan bi shi. Ya yi murna, ya share mini kujera da hularsa. Muka isa lungun da hantsi. Wallahi tun daga mota wari ya tare mu, ruwan ya yi kore shar kamar an kwaɓa miyar kuka. Ya sauka matakala ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya ɗauraye kwalbar sau uku yadda doka ta ce. Sannan ya shimfiɗa bayan hannunsa na hagu a kan ruwan, ya kore gansakukar a hankali, dama da hagu, har ruwa mai haske ya bayyana. Kafin koren ya dawo ya tsoma kwalbar ya cika ta. Ya ɗaga ta sama yana dubawa cikin rana, yana jin daɗin yadda ta fito garau.

Na san hannun nan. Haka kakata take yi, haka uwata take yi, ni ma haka na yi tun ina ɗaukar tulu. Duk wanda ya tashi a bakin tafki ba ya ɗiban ruwa sai ya kore abin da ke kansa, kuma ba ya ma sanin ya yi. Wa zai kai wa mutum ruwa da gansakuka a ciki? Lokacin sanyi tsirran a gauraye suke cikin ruwa, ko an kore ko ba a kore ba duk ɗaya. Amma na zafi a sama suke taruwa. Abin da aka ɗauke ni in ƙirga, shi Baba Hamani yake korewa da ladabi kafin ya kawo mini.

Ni mai baki, ranar nan bakina ya mutu. Na ɗauki wata kwalba na sauka na tsoma ta kai tsaye, ta fito kore kamar ba ruwa ba. Na sa ta cikin akwati kusa da tasa. Ya dubi kwalaben biyu, ya daɗe yana dubansu, sannan ya tambaya wacce mutanen labo suke so a cikinsu. Na ce duka biyun suna da amfani. Ƙarya na yi masa, kuma na san ya gane, domin har muka koma Paris bai ƙara tsokanata ba.

Kwana biyu ina juya abin. In na kai kwalbar nan Lyon na wanke kaina, ba ko shakka. Amma hukumar garin tana neman wanda za a ɗora wa laifi, kuma kwantiraginsa shi ma na shekara-shekara ne. Mutum mai shekara hamsin da takwas, ba ya karatu, baki shida na jiransa a Maraɗi, wa zai ƙara ɗaukarsa? Ni ina da takardun makaranta, in na koma gida ko koyarwa na samu. Bayan wannan kuma, ta yaya zan tsaya gaban Turawa in nuna sa'an ubana da yatsa? Haushi ya cika ni, haushinsa, haushin kaina, da haushin labon da ya shekara tara bai taɓa tura mutum ɗaya ya bi shi bakin ruwa ya ga yadda yake yi ba. Takarda suka ba shi, ya gyaɗa kai, shi ke nan. Ranar Laraba na tura kwalbar can ƙuryar firiji, na rufe. Ban kai ga zubar da ita ba, zuciyata ba ta yarda ba.

Da safiyar Alhamis na shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon ba tare da ita ba. Abin da na shirya faɗa gajere ne, cewa ban san inda kuskuren ya fito ba. Ofishin yana kusa da kogin Saône, a bene na uku. Madam Françoise ta tarbe ni da kirki, ta ba ni kofi. Christophe ya baza takardu a tebur, lambobina gefe, nasa gefe. Ba su ci mutuncina ba, in faɗi gaskiya. Madam ta ce ƙirga aiki ne da ke son ido, wani ya iya wani bai iya ba, kuma za ta rubuta mini shaida mai kyau don neman wani aiki. Ina jin haka na san an gama.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa. Sakatariya ta leƙo ta ce wani mutum ya nace sai ya shigo. Sai ga Baba Hamani cikin babbar rigarsa ta Juma'a, fara sol, da hula, da jakar leda a hannu. Ashe da ya dawo da kwalaben safe ya buɗe firiji ya ga koriyar kwalbar nan a ƙurya, ya san ban tafi da ita ba. Ya ajiye mota, ya biya Belleville ya sa riga, ya kama jirgi na gaba. Mutumin da bai taɓa taka Lyon ba, da adireshin ofis a jikin wata tsohuwar ambulan yana nuna wa masu wucewa.

Ya gaishe su, gajeriyar gaisuwa a karon farko tun da na san shi. Ya fito da kwalabe biyu ya jera a kan takardun Christophe, garau ɗin da koren. Na yi masa magana da Hausa cikin fushi, na ce ya koma, ba ruwansa. Ko kallona bai yi ba. Da Faransancinsa mai ɗingishi ya ce musu wannan tasa ce, wannan tawa ce, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Ba su gane ba. Ya ce to su biyo shi bakin kogi.

Haka muka sauko mu huɗu, Madam da dogon takalminta, muka je bakin Saône inda ruwa ya kwanta tsakanin jirage biyu, da ɗan kore-kore da ganye a kai. Ya tattare rigarsa ya tsuguna, ya kore saman ruwan da bayan hannu, sannan ya nuna inda yake tsoma kwalba. Christophe ya dafe goshi. Madam Françoise ta tambaye shi tun yaushe yake haka. Ya ce tun ranar farko. Ta tambaya me ya sa. Nan ya rasa Faransanci, ya juyo gare ni ya ce in fassara, kuma kada in rage komai.

"Ki ce musu a garinmu ba a kai wa mutum ruwa da dauɗa a kansa. Ni girmama su nike yi. Ɗiyar nan abin da na kai mata shi ta ƙirga, kuma daidai ta ƙirga."

Na fassara. Madam ta ce ta gode masa, za ta kai maganar sama. Christophe ya koma bene da koriyar kwalbar, bayan awa guda ya kira ni in ƙirga a gabansa. Lambata da tasa suka zo kusa da juna. Ya miƙo mini hannu ya ba ni haƙuri, kuma na yarda har zuciyarsa ya yi.

A jirgin komawa Paris ne na sauke masa abin da ke cikina. Na ce wa ya aike shi, ya manta da Inna Fatsima da yara ne, ni yarinya ce zan iya farawa daga farko, shi fa? Na yi ta faɗa har wata mata a kujerar gaba ta waiwayo. Ya bar ni na gaji, yana ɓare goro da farce. Sannan ya ce ya ga lokacin da na ga hannunsa na yi shiru, kuma ya san abin da shirun yake nufi.

"Kin rufa mini asiri, ɗiyata, Allah shi saka miki. Amma da takardar zamanki kika rufa shi, ni kuwa ba ni iya kwana ƙarƙashinta."

Na juya fuska ga taga na yi kukana, shi kuma ya yi kamar bai gani ba, ya miƙo mini rabin goron.

Madam Françoise ta yi ƙoƙarinta, na sani, domin na ga takardar da ta rubuta tana cewa laifin horarwa ne ba na mutum ba. Ni ma na rubuta tawa, shafi uku, da zafi, har Christophe ya ce in rage barkono. Bai hana ba. Hukumar garin ta ce sai a kawo mai ɗiban ruwa mai takardar shaida, in ba haka ba ta janye aikin. Tsakiyar Agusta amsa ta zo cikin ambulan biyu. Ni an sabunta mini shekara uku. Shi aikinsa zai ƙare ƙarshen Satumba. Ya karɓi tasa ya ba ni in karanta masa, ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Sannan ya tambaya tawa me ta ce, da na faɗa masa ya ɗaga hannu biyu ya yi hamdala.

Makonni shidan da suka rage bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Na bi shi sau biyu. Yanzu in ya tsuguna sai ya maida hannun hagu baya ya kama bayan rigarsa da shi gam, don ya ce hannun ba ya jin magana, da ya ga kore sai ya tafi da kansa. Yakan kau da fuska in yana tsoma kwalbar. Cikin Nuwamba ya tattara kayansa ya koma Maraɗi, daga baya na ji yana gyaran komar kamun kifi a Madarunfa yana zama da jikoki. Ni na shekara goma sha ɗaya a labon, kuma duk wanda aka ɗauka ɗiban ruwa sai na bi shi bakin kogi da ƙafata kafin in yarda da kwalbarsa.

Ranarsa ta ƙarshe Juma'a ce, zafi bai gama sauka ba. Ya shigo kafin azahar ya jera kwalaben a teburina. Ta lungun nan ta fi kowace muni, kauri gare ta, tana wari tun ba a buɗe ba. Ya goge jikinta da hannun riga, ya tura mini ita da hannu biyu, ya ce in yi haƙuri, tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa miƙa wa mutum ruwa irin wannan ba. Na ce masa ban taɓa karɓar wanda ya fi shi ba. Ya ajiye makullin mota a kan tebur, ya tafi masallaci.

Na zauna na ƙirga ta har la'asar. Ta wuce iyaka nesa ba kusa ba, na buga waya aka rufe wurin tun kafin mutanen ƙarshen mako su zo da 'ya'yansu da karnukansu. A ƙasan takardar akwai layi biyu, na wanda ya ƙirga da na wanda ya ɗebo. Na sa hannu a nawa, na rubuta sunansa cikakke a ɗayan. Ranar Litinin kwalabe suka zo da rubutun wani.